Malam Yunusa da ajinsa na yumɓu

Da wannan daminar shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar abokina Malam Yunusa. Bai kai shekara talatin ba ya tafi, ni kuwa da muka fara koyarwa tare ga ni nan ina dogara sanda, ina jiran nawa kiran. Ba hakimi ba ne, ba ɗan siyasa ba. Malamin aji huɗu ne a wata firamare cikin garinmu, lokacin ma sunan garin Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni mu koma Suleja. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, shi ya sa nake rubutawa.

Tare muka fito daga kwalejin horon malamai, aka tura mu makaranta ɗaya, ajinsa na jikin nawa. A jadawalin wancan zamani akwai darasin da ake kira aikin hannu. Kowa ya san abin da ake nufi da shi: yara su kawo tsintsiya, ko su share fili, ko su tafi ciran ciyawa a gonar wani malami. Yunusa ne kaɗai ya ɗauki darasin da gaske. Ya je wurin matan da ke ginin tukwane a bayan gari ya roƙe su su nuna masa inda suke haƙar yumɓu, ya rinƙa ɗauko shi a bayan kekensa cikin buhu. Ya sa yara suka tara kara da murafan kwalba da tsofaffin gwangwanaye. Ba ya ce musu ga abin da za ku gina. Sai ya ce kowa ya gina wani abu da ya sani wanda yake jin sauran ba su sani ba.

Daga aikin hannu abin ya malala zuwa sauran darussa. In za a yi lissafi sai ajin ya koma kasuwa, wannan na sayar da doyar yumɓu, waccan na taya ta, wani na auna tsakuwa a sikelin da suka haɗa da kara da zare. Taswirar garin ma da hannu suka gina ta a ƙasa, da rafinta da unguwanninta, ga dutsen Zuma can a gefe, har aka yi gardama mai zafi kan girmansa. Yakan fara ba su labari, in ya kai inda ya fi daɗi sai ya yi shiru, ya ce gobe kowa ya zo da ƙarshensa. Ajinsa hayaniya ce daga safe har tashi. Ni da nake maƙwabcinsa nakan leƙa in ce a rage murya, shi kuma ya ba ni haƙuri da dariya, bayan ɗan lokaci kasuwa ta sake ci.

Akwai wata yarinya a ajin mai suna Nkechi, 'yar wani tela da ya dawo daga Gabas bayan yaƙin basasa ya kama haya a unguwar Kwamba. Tun da aka kawo ta ba wanda ya ji muryarta. Malaman da ta bi ta hannunsu sun gwada tsawa, sun gwada bulala, suka haƙura suka ce ba ta da kai. Da aka ba ta yumɓu sai ta gina gida mai ɗaki uku, da tagogi da ƙofa, komai tsaf, amma babu rufi. Yunusa ya durƙusa kusa da ita ya ce ko yumɓun ne ya ƙare ya ƙaro mata. Ta girgiza kai. Can ta ce, da Hausarta mai karyewa, "Malam, haka gidanmu yake lokacin da muka fito daga daji." Ranar ya same ni a inuwar mangwaro bayan tashi, ya gaya mini, idanunsa jawur. Daga wannan rana yarinyar ta fara magana, kaɗan-kaɗan, har ta zama ita ce mai kawo ƙarshen labarin da ya fi na kowa ban tsoro.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba, kuma ba zan ce masu ƙorafin ba su da hujja ko kaɗan ba. Wata uwa mai ginin tukwane ta zo har makaranta da goyo a baya. Ta ce ita tun tana yarinya take cuɗa laka har ƙugunta ya lalace, ta kawo 'yarta boko don ta rabu da laka ta riƙe alƙalami, ga shi kullum tana komawa gida da laka a riga. Yunusa ya saurare ta har ta gama, ya yi mata bayani gwargwadon iyawarsa, ya nuna mata yadda yarinyar ke rubuta labarin duk abin da ta gina. Matar ta tafi ba ta gamsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma talakan da ya sadaukar da tallan 'yarsa don ta yi karatu yana da ikon tambaya.

Hedimastanmu, Malam Bawa, dattijo ne mai tsari, wanda ya yi karatunsa a hannun malaman da ba a ɗaga musu ido. A ganinsa aji mai kyau shi ne wanda za ka ji faɗuwar allura. Kullum maganarsa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata rana a ɗakin malamai Yunusa ya amsa masa cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Amma mai tanƙwarawa ya kamata ya fara duba inda iccen yake son miƙewa, don kada ya karye a hannunsa." Malam Bawa ya riƙe maganar a ransa. Irin mutanen nan ne da ba sa mantuwa.

Sai shekarar da gwamnati ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa ta zo. Alheri ne babba, ba mai musu, amma ya zo kamar ruwan da aka yi roƙonsa ya sauka da ƙanƙara. Yara suka kwararo daga unguwanni da ƙauyuka har benci ya gaza, aka raba ɗakuna da zana, wasu azuzuwan suka koma gindin bishiya. Aka ɗebo malaman da aka horar a gurguje, waɗanda ba su da makamin riƙe wannan taro sai bulala da "ku maimaita bayana". Yunusa bai canja ba. Ya raba yaransa gungu-gungu, manya na jan ƙanana, ya ci gaba da jigilar yumɓu. Sai dai yanzu zana ce kawai tsakaninsa da maƙwabta, hayaniyarsa ta zama ta kowa.

Ranar da sufeton makarantu ya zo, ya tarar da yara a ƙasa, hannu duk laka, malaminsu ma a ƙasa tare da su, allo babu ko layi ɗaya. Bai tambayi yaro ko guda abin da ya koya ba. Ya ce wannan ba aji ba ne, maginar tukwane ce, a kwashe kafin ya gama zagaye. Malam Bawa ya sa yaran da kansu suka ɗebi abin da suka gina, suka yi layi zuwa ramin shara da ke bayan makaranta. Ina tsaye a ƙofar ajina ina kallo. Babu wanda ya yi kuka da ƙarfi, abin da ya fi damuna ke nan. Nkechi ta rungume gidanta a ƙirji ta ƙi saki, sai da wani malami ya ɗaga bulala sannan ta ajiye shi a bakin ramin a hankali, aka sa ƙafa aka tura. Yunusa na tsaye da alli a hannu yana murƙushe shi bai ma sani ba.

Ni da wasu malamai biyu mun bi Yunusa ofishin ilimi, muka yi magana iya bakinmu, muka ce a gwada yaransa da na kowane aji a gani. Aka ce mana ba maganar gwaji ake yi ba, maganar ɗa'a ce. Kafin hutu ya ƙare aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can wajen Gawu, wadda yanzu ake ce wa Gawu Babangida, bayan wani rafi da ke zuba cikin kogin Gurara. Kowa ya san irin wuraren da ake tura wanda aka gaji da shi. Matarsa Asabe na da tsohon ciki, sai ya bar ta wurin iyayenta ya tafi shi kaɗai. Na raka shi tasha. Na ce masa ya lallaɓa ya yi yadda suke so na ɗan lokaci, a dawo da shi. Ya ce ya ji, amma yadda ya faɗa na san bai ji ba. Nkechi kuwa ta koma shirunta. Ba ta gama shekarar ba mahaifinta ya cire ta, daga baya na ji sun bar garin, ban sake jin ɗuriyarta ba.

A daminarsa ta biyu a can zazzaɓi ya kama shi, ya rikiɗe ya zama ciwon shawara. Ƙauyen babu asibiti, babu ko mai ba da magani. Mutanen garin suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗora shi, suka ɗauko shi a kafaɗa za su fito da shi titi. Suka tarar rafi ya kawo, ya shafe mashigi. Nan suka ajiye shi a gaɓa suna jiran ruwa ya ja, nan rai ya yi halinsa. Suka koma da shi suka yi masa sutura. Labarin bai iso mu ba sai bayan an riga an rufe shi. 'Yarsa Hauwa na rarrafe a lokacin. Mutuwa rigar kowa ce, na sani, kuma kwana in ya ƙare ko a gadon asibiti kake sai ka tafi. Amma har yau in na tuna dalilin da ya kai shi bakin wancan rafi, sai in yi istigfari don kada zuciya ta kai ni inda bai kamata ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ka bi lungunan Kwamba, kusan kowane layi da makarantar kuɗi a cikin gidan haya, ɗakin da aka gina don gado ɗaya an cusa masa yara, babu filin da za a ɗebi ko ƙasar wasa. A allunan ƙofa an rubuta da Turanci cewa a nan ake raya basirar yaro da ƙirƙirarsa. Ka tsaya a taga ka saurara, abin da muka ji shekara hamsin da suka wuce shi za ka ji, malami ya faɗa, yara su maimaita. Aikin hannu kuwa ya koma uba ya tsaya a shago ya sayi sabulu ko tsintsiyar roba a kai wa makaranta, a ba yaro maki. Jikokina sun iya latsa waya fiye da ni, suna zuba Turanci da burokan kamar 'yan Abuja, amma ka ba su kara da wuƙa ka ce su yi mota, sai su tsaya suna jiran ka nuna musu hoton wadda wani ya yi. Ban ɗora wa malaman yau laifi ba. Wanda ya tashi da asuba ya bi motar haya, ga aji ya cika maƙil, ga mai makaranta na jiran sakamakon jarrabawa don ya manna a bango, ina zai sami sukunin jiran yaro ya yi tunani? Na tabbata Yunusa zai yi murna da yawan 'yan matan da ke aji yanzu. Bayan haka ina jin zai nemi inda ake haƙar yumɓu, ya tarar an yanka wurin filaye an gine.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na daɗe ina auna wannan magana a kan abokina, ba koyaushe take yi mini daidai ba. Babu makarantar da ke ɗauke da sunansa, babu wanda ya gaji salonsa, waɗanda suka kore shi sun yi ritaya cikin mutunci an yi musu walima.

Bara Hauwa, wadda ita ma yanzu tana da jikoki, ta zo ta ce, "Baba, ina so ka kai ni in ga kabarin mahaifina." Muka tafi. An yi gada a kan rafin, mota ta haye kafin in gama nuna mata wurin. Tsohuwar maƙabartar ta koma gonar doya, babu alamar komai. Muka yi ta tambaya, ba wanda ya san wani Malam Yunusa, har aka kai mu wurin wani manomi mai furfura yana gyaran fartanya a ƙofar gidansa. Sunan bai tuna masa kowa ba. Da na ce malamin da ya rasu a bakin rafi, sai ya ajiye fartanyar, ya ce shi ɗan ajin malamin ne, kuma mahaifinsa na cikin waɗanda suka ɗauki ƙyauren. Hauwa ta tambaye shi me ya koya musu. Ya ce karatun ya tafi tuntuni, ko sunansa da ƙyar yake rubutawa.

"Amma Hajiya," in ji shi, "ni dai tun da aka haife ni, babanki ne babban mutum na farko da ya tambaye ni me nake tunani, kuma ya tsaya ya jira har na faɗa. Har yau haka nake yi wa yaran gidan nan."

Ya tashi ya kai mu gefen gonar, ya nuna wani wuri tsakanin kunya biyu, ya ce yana jin nan ne, amma ba zai rantse ba. Nan muka tsaya mu uku muka ɗaga hannu. Allah ya jiƙan Malam Yunusa, ya sa ya huta.