Dutsen Kaushin Yaya Ɗaso

Shekarar da mijina ya rasu na yi aikin hajji a ƙafa, na dawo daga Muzdalifa da faso har jini. Ina zaune a bakin ƙofa a unguwar Utaibiyya ta Makka sai maƙwabciyata Ɗaso, mai sayar da lalle da turaren wuta a bakin suk, wato kasuwa, ta tsaya ta dubi dugadugaina.

"Nasiha, wannan ƙafa ce ko busasshiyar fadama?"

Ta shiga ɗakinta ta fito da man kaɗanya da wani baƙin dutse mai ƙananan huji kamar soso. Na karɓa da hannu biyu, sai na ji ba nauyi.

"Idan ya warke ki goge da shi. Amma aro ne. Wannan dutsen da ƙafarsa ya zo har inda nake."

Na ɗauka wasa take.

A Limbe ta ƙasar Kamaru aka haife ta, tsakanin teku da wani dutse da kansa ke ɓuya cikin gajimare. Mijinta mai tsire ne. Ta ce a shekarar casa'in da tara ƙasa ta yi ta girgiza har kwanuka suna zubowa daga kan kanta. Sai dutsen ya tsage daga gefe, toka ta rufe ganyen ayaba, narkakken dutse ya kama hanyar gangare.

"Ba gudu yake ba," in ji ta. "Tafiyar tsohuwa yake. Ya fi gidan sama tsayi, bayansa baƙi, cikinsa ja. Yana ƙara kamar ana fasa tangaran. Ya je gaban bishiyar kwakwa, kafin ya taɓa ta ta kama da wuta."

Ya cinye kwalta, ya tsaya yana kallon teku, bai shiga ba. Tsofaffin garin suka ce a zamanin iyayensu ya shiga, ruwa ya tafasa. Da ya huce Ɗaso ta tsinci wannan guntun. Bayan rasuwar mijinta ta ƙulle shi a zani, ta zo Makka da 'yarta, ba ta koma ba.

Wata shekara muka samu hanyar Madina tare. Da hantsi motar ta shiga wani fili baƙi ƙirin, duwatsu birjik iya ganin ido, ba ko ciyawa. Ɗaso ta damƙe hannuna.

"La ilaha illallahu! Nasiha, shi ne!"

Direba ya ce sunan wurin harra, kuma shekaru ɗaruruwa da suka wuce wuta ta taɓa fitowa daga ƙasa kusa da Madina, ta tsaya ba ta shiga garin ba. Ɗaso ta manna goshi a gilashi tana hawaye.

"Ashe nan ma ya yi tafiya, aka ce masa tsaya."

Tun ranar ban ƙara kallon duwatsun Makka a matsayin abin da ba ya motsi ba. Ina shanya a saman soro, in ɗaga kai in gan su, sai in tsaya ina kallonsu.

Yanzu tsufa ya kwantar da ita. Larabcin kasuwar da ta tsinta duk ya zube, Hausa ce kaɗai ta rage. Jikarta Haifa, haihuwar unguwar Zahir a nan Makka, daga "sannu" ba ta jin komai. Tana ba ta abinci a baki, tsohuwar tana ta maganar wuta da kwakwa.

"Khala, esh tigul?" Haifa ta tambaye ni jiya, wai me take cewa. "Ko ruɗewa ce?"

Na ce ba ruɗewa ba ce. Na sa mata dutsen a tafi, na faro daga kwanukan da suka zubo, da Larabcina mai ɗingishi. Ta saurara har ƙarshe tana juya shi. Sannan ta sunkuya ta kwaikwayi kalmar daga bakina: "Dutse, sitti?" Haka suke kiran kaka. Ɗaso ta buɗe ido ta gyaɗa kai.

Abin da Ɗaso ta roƙe ni ke nan a motar Madina, hannunta cikin nawa:

"Larabcina na ciniki ne, ba zai ɗauki wannan ba. Ran da yarinyar nan ta yi hankali, ki gaya mata da yarenta. Kada ki ce an ce. Ki ce kakarta ta gani."