Ranar da Inna Dije ta shanya kwalbar Daktor

Muntari ɗan Inna Dije, katanga ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu kusa da Rusairis. Tare munka yi kiwon awaki. Shi ya wuce jami'a a Khartum, ni na tsaya inda awakin sunka tsaya.

Da yaƙi ya koro shi gida, ya sauko daga bas da kwamfuta da wata kwalba naɗe cikin baƙin ƙyalle. Ba ya kuka, ba ya dariya. Ka gaishe shi, ya amsa, halas, shi ke nan.

Na ce, "Daktor, zuma ce? A sam mana."

Ya ce wani ruwa ne mai kauri, haske ke daskarar da shi. Ana ɗora kwalbar bisa abin da ke juyawa, a haska mata hotuna ta kowane gefe. Inda haske ya taru da yawa, nan ke daskarewa, sai abu ya fito cikin ruwan gaba ɗayansa. Masu zanen kwamfuta suna lissafin yadda haske ke sauka kan abu. Shi kuwa baya yake juya lissafin: ga abin da ake so, wane haske za a tura?

"Wato shekara bakwai kana koyon haska tocila."

"Haka ne," in ji shi. Ko tsokanar ba ta kama shi.

Wani malaminsa da ya tsallaka ƙasar waje ya ce in ya fitar da abu guda da sabon lissafinsa, ya aika hoto, zai nema mai gurbin karatu a can. Kwalba ɗaya ta rage, gwaji ɗaya. Duk damina Muntari na ɗaki yana gyaran lissafin, wai gilashi na karkatar da haske. Injin fanka ya zama abin juyawa. Na'urar haska hoto kuwa, mai gidan kallon ƙwallo a Rusairis ya yarda ya ba shi aro.

Ranar da ya tafi ɗauko ta, ranar Inna Dije ta yi shanya. In ruwa ya ɗauke a nan, komi sai ya ga rana saboda fumfuna. Katifa, akwati, har ƙyallen nan ta kwance ta wanke. Kwalbar ta wuni bisa katanga daga hantsi har la'asar.

Da ya dawo ya ɗauka, ya kife ta. Ba abin da ya motsa.

"Na ga ta daɗe a duhu, ɗana," in ji Inna Dije.

"Kin kyauta, Inna. Sannu da aiki."

Na leƙo ta katanga. "Ya zol, mutumina, ai ga abu ya fito! Rana ta riga ka, ko lissafi ba ta yi ba."

Ya dube ni kamar maganar wani ake yi. Ya miƙo mini na'urar, ko kunna ta bai yi ba, ya ce in mayar wa mai ita.

"Malamin fa?"

"Zan ce ya ba wani." Sai ya tambaye ni, "Yankan riɗin da kake zuwa wajen Damazin, suna ɗaukar mutane?"

Na ce suna ɗauka.

"Kana da lauje biyu?"

Na nemi abin tsokana na rasa. Na ce ina da.