Ƙotar da Baba ya yanke

Bindigar ta kakana ce tun asali. Ya yi soja zamanin Faransa, ya dawo ƙauyenmu na gabas da Barmou da ita naɗe cikin bargo. Ko ba shi aka yi, ko dai mantawa ya yi bai mayar ba, ba a taɓa gaya mana ba. Irin wadda ake jan wani ƙarfe baya a tura shi gaba kafin kowane harbi ce, doguwa, ga nauyin tsiya.

Da ta zo hannun Baba, shi ba yaƙi zai je ba, barewa da zabin daji yake bi. Sai ya sa zarto ya datse katakon da ke rufe bakinta, ya rage ƙotar don ta zauna masa a kafaɗar da ya taɓa karyawa wajen ginan rijiya. Da ƙotar ta tsage, Inna ce ta naɗe ta da ɗanyar fatar akuya ta ɗinke. Inna ba ta iya ɗinki ba, Allah ya jiƙanta, kowa ya san haka har ita kanta. Ɗinkin ya tafi a karkace kamar hanyar jaki.

Ni kuwa malamin lekwal ne, wato makarantar boko, kuma ciwon malamin lekwal shi ne ganin kome yana buƙatar gyara. Bayan na aje aiki a Tahoua, wani tsohon soja maƙwabcina ya nuna mini hoton irin bindigarmu a wayarsa, cikakkiya, katakonta har kusa da baki. Tun ranar na fara jin an cuci tamu. A lokacin Baba ya haura tamanin, idonsa ya tafi, barewa ma ta daɗe da barin dajinmu, bindigar kuma ta yi shekaru ba ta tashi. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna a zaure bayan la'asar, ya ɗora ta a cinya yana shafawa. Ban taɓa yi masa wani abin kirki da hannuna ba, sai aiken shinkafa da magani. Na ƙudurta wannan karon zan faranta masa.

Da na ce zan kai ta a gyara, ya tambayi kwana nawa. Na ce mako biyu. Ƙanwata da ke kula da shi ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Wata biyu aka yi. Maƙeri ya jiƙa ƙarfen da kananzir, ya bi tsatsar a hankali har lambobin jikinta suka fito. Wani kafinta a bayan kasuwa ya sassaƙa sabuwar ƙota da jan katako, yana duban hoto yana gwadawa, ya ƙara katakon gaba, maƙerin ya yi masa zobban riƙewa. Kullum ina tsaye a kansu ina ba da umarni a kan aikin da ban san kansa ba. Ranar da kafintan ya cire tsohuwar ƙota, ya ɗaga ta ya tambaye ni ko a aje mini. Na dubi baƙar fatar nan da ta sha zufa, na ce me zan yi da ita. Da bakina na faɗa, babu wanda ya tilasta ni.

Ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na shafe ta da mai, na naɗe cikin sabon zane, na hau babur sai ƙauye, ina ta washe baki ni kaɗai a hanya.

Na ɗora masa a cinya. Hannunsa ya tafi kai tsaye inda fatar take, ya tarar da santsi. Ya koma, ya sake bi. Ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, ta yi masa tsawo, bakin ya rinjaye shi ya sunkuya ƙasa. Ya daɗe yana lalube, mu kuma muna tsaye kamar masu jiran hukunci.

Can ya ce, "Wagga ta aro ta ko? Kahin a gama tawa."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "I, Baba. Ta aro ta."

Ya yi godiya, ya ce a gai da mai ita, ya sa ƙanwata ta jingine ta a kusurwar ɗaki kada ta ƙuje, tunda kayan mutane ne.

Washegari da sassafe ina ƙofar kafinta. Ya ce ai guntayen itace ba sa kwana a wurinsa, wata mai tuyar ƙosai ke kwashewa kowace yamma. Na je wurin matar. Ta dube ni, ta dubi murhunta, ta ce in yi haƙuri. Ta tuna da ƙotar ma, don fatar ta yi wari a wuta har masu saye suka yi magana. Na zauna a bencinta, ta zuba mini ƙosai a takarda ban iya ci ba.

Na yi tunanin sa kafintan ya yanke sabuwar, a naɗe da fata, a ɗinka a karkace. Amma wa zan ruɗa? Hannun da ya shekara hamsin a kan ɗinkin nan ya san kowane zare.

Baba ya ƙara wata bakwai a duniya. Duk Juma'a nakan je, kuma duk zuwa, bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ya ce, "Ba a ida ba?" In ce an kusa. Ya ce to, aikin ƙwarai ba ya son gaggawa. Bayan la'asar yakan zauna a zaure hannuwansa a kan gwiwa, ba kome a kansu. Ban taɓa ƙin ranar Juma'a ba sai a watannin nan.

Ya rasu farkon damina. Bayan addu'ar uku, muna kwashe tabarmi, na gaya wa ƙanwata abin da ke cina, cewa na bar shi ya tafi yana jiran abin da babu. Ta ci gaba da naɗe tabarma, ba ta dube ni ba. Ta ce tun ranar farko, ina fita, ya sa ta miƙo masa bindigar. Ya laluba ƙarfen da ake ja, ya kama yatsanta ya ɗora a kan wani ɗan lotsi, ya ce nan ne bindigar ta faɗi kan dutse shekarar da aka haife ni.

"Ya ce kar in hwaɗa maka. Wai ka sha wahala a kanta."