Hular da Ta Tsufa a Kan Sharhabil

A Unguwar Shanu da wuya jariri ya fito ranar suna ba da hular Inna Larai a kansa ba. Tun tana amarya, sabuwar zuwa daga Katsina, take saƙa da kwarashi, har yatsunta suka san zaren ulu kamar yadda suka san carbi. Ba ta awo. Ta dafa kan yaro, ta lumshe ido, shi ke nan.

Da Ilham, matar ɗanta, ta haifi Sharhabil, Inna ta ce ta yi sabon miji. Ta saƙa masa shuɗiya. Ba ta daɗe ba ta matse shi. Ta saƙa wata, ita ma haka.

"Maigidana, wannan kai naka na manyan malamai ne!" Haka take masa kirari, tana ƙara faɗin saƙa.

"Inna, ba ya kama nono sosai," in ji Ilham a hankali. "Sai haki da gumi."

"Shagwaɓa ce. Ya ga ina ji da shi."

Ran nan maƙwabciya ta shigo da ɗanta, sa'an Sharhabil, hularsa ta ranar suna tana nan daram a kansa. Inna ta dubi wannan, ta dubi jikanta: jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, maɗiga ta kumbura. Ta ajiye kwarashi.

"Ilham, goya shi. Ɗauko mini mayafi."

A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ta ce tun yana ciki jijiyoyin jini suka harɗe can tsakiyar kansa. Jini na gudu fiye da kima, zuciya na wahala, ruwa na taruwa yana kumbura kan. Abu ne da ba a cika gani ba, kuma in an bar shi, yana kisa. Aka tura su babban asibiti a wani gari, inda aka zura siririn bututu ta cinyarsa aka toshe wurin.

Da suka dawo, Inna ta saƙa ja guda ɗaya. Kullum da safe takan sa masa da bisimilla, ta ga ko za ta shiga ko kan ya ƙara kumbura. Ta shiga. Gobe ma ta shiga. Damina ta wuce, jan ya koɗe, bakin ya fara zarewa.

"Haba Inna," in ji maƙwabciyar, "kina saƙa wa 'ya'yan mutane, angonki na yawo da tsumma?"

Inna ta gyara masa ita, shi kuwa yana ƙoƙarin cusa carbinta a baki.

"Ku bar masa abarsa. Sai ta yage."