Gurun Talle

Talle mutumin wani ƙauye ne a bayan Tsibiri, daga gidan Arna masu bin al'adar kakanni. Uwarsa ta rasu yana goye, sunan ya bi shi har girma. Ya yi noman hatsi har ƙasa ta ƙi, ya shigo Maraɗi ya yi dako a babbar kasuwa har gwiwa ta ƙi, daga nan ya samu gadin wani tsohon siton gyaɗa a Sabon Gari. Babu gyaɗa a ciki tun kafin zuwansa. Abin da yake gadi shi ne ƙofa, da ɓeraye, da wasu duwatsun ma'auni na baƙin ƙarfe da aka watsar a lungu tun zamanin awon gyaɗa. Talle gajere ne mai kauri, kamar tulu. Shi da matarsa Tsahara suna zaune a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa.

Shekarar da aka yi zaɓen jam'iyyu barkatai, lakwal ta fi zama a rufe. Yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai. Samari masu gemu sun cika fada, majalisar bakin titi, suna dafa shayi, kowa na jiran ranar da za a ɗauki sabbin jandarma ko soja. A lokacin ne Maman Lawali, wanda ya tsufa a aikin kashe gobara, ya roƙi mai sito filin da ke ciki, ya tara samarin unguwa yana motsa su kowace safiya. Shef suke ce masa. Ba shi da injin komai. Tayoyin tarakta ya samo daga Jiratawa suna juyawa, suna dukansu da guduma, suna jan guga cike da yashi, suna gudu da jarkokin ruwa. Tun daga bakin titi ana jin muryarsa yana ƙirga da Faransanci: "An, de. An, de. Zakari, ɗuwawu ƙasa, ba tuwo kake tuƙawa ba."

Talle yana buɗe musu ƙofa ya koma gefe yana kallo. Wata rana Shef ya tsaya yana dubansa daga sama har ƙasa.

"Maigadi, zo nan."

Ya zo. Shef ya sunkuya, ya cusa kafaɗa a cikinsa, ya miƙe da shi a wuya kamar rago, ya zagaya filin, ya sauke shi.

"Kun gani? Ƙarfe ba ya numfashi, ba ya zillo, ba ya jin tsoro. Ranar da gida ya kama wuta ba ƙarfe za ka tarar a ɗaki ba, mutum za ka tarar. Daga yau kowa zai ɗauki wannan ya hau dakali da shi ya sauko."

Dakalin dogo ne, inda manyan motoci suke tsayawa a yi musu lodi a da, da matakala ta siminti a gefe. Inusa, ƙaton cikinsu kuma mai bakinsu, ya ce, "Shef, Arne za mu riƙa goyo da sassafe? Sai mun sake wanka ke nan."

Aka yi dariya. Talle ma ya yi, don bai san abin da ake yi da fuska ba a irin wannan wuri.

Haka ya zama kayan aiki. Sukan ce, "A ɗauko Talle," kamar yadda suke cewa a ɗauko taya. Ya koyi sakin jiki idan Shef ya ce a yi sumamme, ya koyi wutsil-wutsil idan an ce a yi mai tsoro. Ya san kafaɗar kowa. Ta Zakari tana rawa, ta Inusa ba ta rawa amma yana matse cinya da gangan. In an gama, mai koko ta kawo koko da ƙosai, Shef ya ce Talle ya sa hannu a faranti ɗaya da kowa. Ranar farko Inusa ya janye hannunsa.

"Ci abinka, Talle," in ji Shef. "Inji ma ana zuba masa mai."

Talle ya kai wa Tsahara labari da yamma. "Tsahara, yau da 'yan lakwal munka ci. Faranti guda."

"Su da sunka hau da kai sama kamar buhu?"

"Ba buhu ba. Shef ya ce in babu ni babu aikin."

Duk farkon mako Shef da kansa yake ɗaga shi ya ji. Bayansa shi ne ma'auni. Ya ɗan girgiza shi, ya sauke, ya ce, "Daidai." Talle yakan yini da wannan kalmar a bakinsa.

Sai aka karya darajar kuɗin sefa. Mai sito ya daina aiko da hatsin da yake aikowa, ya daina zuwa ma. Ƙosai ya fita daga faranti, koko ya koma ruwa. Tari ya kama Talle, ya haɗu da ciwon ciki wanda ba ya barin abinci ya zauna. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

A daidai nan wani Alhaji ɗan takara ya ji labarin 'yan sito. Ya ce yana son su nuna wasansu ranar babban mitin ɗinsa, gaban jama'a, zai ɗinka musu mayo, rigar 'yan wasa, fari mai jan wuya, kowa da tasa. Talle ya tsaya bayan kowa har Shef ya gama bayani.

"Shef, ranka ya daɗe. Har da ni?"

"Har da kai mana. Tsirara za mu ɗauke ka?"

Kafin mako ya zagayo duk wanda ke zuwa Maraɗi daga Tsibiri ya ji. Talle ya gaya wa masu amalanke, ya gaya wa mata masu kawo nono, ya aika wa 'yan'uwansa cewa su zo su ga ɗansu a tsakiyar fili da rigar ƙungiya. Mutumin da bai taɓa shiga hoto ba.

Farkon makon da ya biyo Shef ya ɗaga shi, ya girgiza, ya sake girgizawa. Bai ce daidai ba.

"Ina sauranka?"

"Mi, Shef?"

"Ka zube. Yarinya ma ta ɗauke ka. Mi zan nuna wa mutane, ƙatti na gudu da kara? In ba ka ciko ba, buhun yashi ya fi ka."

"Buhu kuwa ba ya tari a kunnen mutum," in ji Inusa.

Talle ya ci duk abin da Tsahara ta iya samowa, har nata rabon, ciki ya mayar. Ya sha ruwa har ya ji yana motsi a cikinsa, kafin a zo kansa ruwan ya fita. Rannan da la'asar ya shiga lungun sito ya daɗe, ya fito da duwatsun ma'aunin nan a cikin riga, ya zube gaban Tsahara tare da wata tsohuwar fatar akuya.

"Ki ɗinka min guru."

Guru ɗamarar fata ce da ake ɗinke magani a ciki a ɗaura a ƙugu. Duk ɗan Arna yana da shi, kuma ba a taɓa na wani, ba a tambayar abin da ke ciki. Talle ya san wannan, ya san 'yan birni sun fi kowa tsoron abin da suke raina.

"Maigida, wannan ƙarhe ne. In ka hwaɗi a kansa hwa?"

"Ba su yada ni. Tun da anka fara ba wanda ya taɓa yada ni."

Ta ɗinka. Ya ɗaura a ƙarƙashin riga, ya yi ta tafiya a tsakar sito yana koyon yadda zai taka kada a gane. Fatar ƙugunsa ta saluɓe. Shef ya ɗaga shi, ya ji abu mai tauri, ya ɗage rigar kaɗan.

"Mene ne wannan?"

"Na gida ne, Shef. Don tarin."

Shef ya saki rigar da sauri, ya goge yatsunsa a wando. "Ka fara dawowa," ya ce. Samarin suka riƙa ɗaukarsa a ɗarare, suna kauce wa ƙugun. Zakari har bisimilla yake yi. Da Talle ya ƙara zubewa, Tsahara ta farke gurun ta ƙara dutse.

Ana gab da mitin Shef ya ce yau da gudu za a hau dakali, yadda za a yi gaban Alhaji. Zakari ya hau ya sauko. Wani ya hau ya sauko. Aka zo kan Inusa, wanda aka riga aka kira shi gwajin shiga jandarma, yana ji da kansa. Ya fizgi Talle ya wurga a wuya, ya hau da gudu. A matakala ta sama gurun ya juya, dutsen ƙarfe ya sauka a kan ƙashin kafaɗarsa da duk nauyin mutum. Inusa ya yi ƙara, ya ture kayan da ke wuyansa kamar yadda ake ture buhu in kunama ta fito daga ciki.

Talle ya faɗo daga saman dakali, ƙugu ya fara isa siminti. An ji ƙarar. Fatar akuya ta fashe, duwatsun suka gangara, ɗaya ya yi ta birgima har ya daki ƙafar Shef ya tsaya.

Shef ya ɗauki dutsen ya juya shi a hannu, ga lambar kilo a jikinsa. Wani daga baya ya fara dariya, saura suka kama.

"Ashe maganin Arna kilo ne."

"Ni da nake ta bisimilla," in ji Zakari.

Shef bai yi dariya ba. Ya tsaya a kan Talle. "Ni za ka cuta? Bayana za ka yi wa ƙarya? Dubi yaron mutane. In ƙashin nan ya tsage, kai za ka shiga jandarma a madadinsa?"

Talle na kwance inda ya faɗi. Ƙafarsa ta hagu ta juya waje, ta kwanta yadda ƙafa ba ta kwanciya. Aka tsayar da mai babur aka ɗora Inusa, mutum biyu suka bi shi likita. Zakari ya sunkuya zai cusa hannu ƙarƙashin Talle.

"Bar shi," in ji Shef. "Mi na koya muku? Mai karaya ba a ɗaga shi. Sai masu aikin asibiti sun zo."

Ba wanda ya tafi kiran masu aikin. Mai koko ta iso, suka sha a tsaye, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Rana ta hau. Tsahara ta dawo daga rijiya ta tarar da shi inda yake, ƙudaje a bakinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta fita titi ta tare wani mai amalanken shanu da ya sauke albasa zai koma wajen Tsibiri, ta dawo ta durƙusa ta sa hannu ƙarƙashinsa. Mai amalanke ya ce ta bari ya kama mata.

"Bari, Malam. Babu komi a jikinsa."

Ta ɗauke shi ita kaɗai har bakin ƙofa.

Mai ɗori a Tsibiri ya yi abin da zai iya, ya ce ƙashin ƙugu ba ya jin magana a jikin da babu nama. Ƙashin Inusa kuwa bai tsage ba, kumburi ne kawai. Mai sito ya sa wani a gadin. Daga 'yan sito ba wanda ya taka Tsibiri.

Ranar mitin Talle ya tashi da rigima. Sai an kai shi.

"Ka je ka yi mi?" in ji Tsahara.

"Rigata tana can. Shef ya ce har da ni. Gaban kowa ya hwaɗi."

"Shef ya tako nan ya dube ka?"

"Aiki ya yi mishi yawa. Ke ba ki san aikin ba."

Ta gaji, ta roƙi mai amalanken nan. Suka shimfiɗa shi a kan buhunan wofi, suka bi hanya cikin motocin 'yan jam'iyya masu tuta da lasifika. Filin ya cika, ba wurin shiga da shanu, suka tsaya a bayan taro inda masu sayar da rake suke. Wasu 'yan ƙauyensu da suka zo saboda aiken da ya yi musu suka gan shi, suka zo suka tsaya a gefen amalanke. Daga nan ana hango dandamali. 'Yan sito suka fito cikin fararen riguna, suka juya taya, suka daki taya, jama'a na tafi. Sai muryar Shef ta fito ta lasifika, ta cika filin.

"Yanzu za ku ga yadda ake ceton rai. A ɗauko Talle."

"Na'am, Shef," in ji Talle. Ya dafa gefen amalanke zai tashi, ƙugu ya mayar da shi.

Samari biyu suka jawo buhun yashi tsakiyar dandamali. An sa masa mayo fari mai jan wuya, an ɗaure bakinsa da igiya an kafa masa hula. Inusa ya sunkuya ya wurga shi a wuya, ya zagaya da gudu, ya ɗan yi kamar zai yar da shi, ya tare. Filin ya ɗauki dariya, har Alhaji ya miƙe tsaye.

Ɗaya daga 'yan ƙauyen ya duba Talle, ya duba buhun. "To, kai ne wancan?"

Talle bai daina kallo ba sai da aka sauke buhun aka ja shi baya ta ƙasa.

"Za su ɓata rigar," ya ce.

Damina biyu ya ƙara a duniya bayan wannan, a kwance a zauren ƙanensa. 'Yan sito sun daɗe suna motsa jiki, har bayan da sojoji suka karɓi mulki aka daina mitin. Buhun ya yage sun sake wani, wannan ma ya yage. Yaran da suka shigo daga baya sun tarar ana ce wa buhu Talle, suka ci gaba da faɗa, a zatonsu sunan irin buhun ne.