Tafasar Kaka a Tukwanen Baba

Ranar Asabar da ta wuce ina cire ciyawa a bayan ɗakin girkina, sai hannuna ya murje wani ganye ban lura ba. Warinsa ya bugi hancina, irin warin nan mai kauri da ba za ka kira shi ƙamshi ba, ba kuma za ka ce ɗoyi ne ba. Tafasa ce. Na daɗe tsaye da ita a hannu, har autata ta leƙo ta tambaye ni ko ƙaya ce ta soke ni. Na ce mata a'a. Kakata na tuna, da gidanmu na Mubi, a zamanin da ake kiran jiharmu Gongola.

Ina aji huɗu a firamare aka kawo Kaka gidanmu daga ƙauyenmu da ke wajen Betso. Ita ce mahaifiyar Baba. Kakanmu ya rasu bayan girbi, ita kuma gwiwoyinta sun fara ƙin hawan dutse, sai Baba da 'yan'uwansa suka shirya a kan ta dawo gari ta huta. Ba na jin akwai wanda ya tambaye ta ko tana so. Ta iso a gaban akori-kura da ƙullin kayanta da wata 'yar ƙwarya mai murfi da ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba. Aka ba ta ɗaki, aka ce ni zan riƙa kwana da ita.

Mama ta ɗauki maganar hutun nan da gaske. Idan Kaka ta nufi turmi, a ce ta zauna. Idan ta nufi rijiya, a ce ta zauna. Ta zauna ɗin kuwa, a kan tabarma a baranda, tun safe har yamma tana kallon duwatsu. Ba a jima ba ta fara barin tuwo a kwano. Ta ce miyar gari ba ta da rai. Mama ta sayo busasshiyar tafasa a kasuwa ta yi mata miya, Kaka ta ɗanɗana ta ce kamar an dafa tsohuwar tabarma. Muka yi dariya, amma wuyanta sai ƙara ramewa yake yi, kuma kullum maganarta ɗaya, a mayar da ita gida.

Wata rana muna cin abincin yamma Baba ya gaji. Ya ce to, idan ta nace, ƙanensa zai zo da mota kafin damina ya mayar da ita. Sai dai ba za ta zauna ita kaɗai ba, ni zan bi ta in riƙa ɗebo mata ruwa da itace. Na ajiye lomar da ke hannuna. Makarantar da ke kusa da ƙauyenmu sai an yi doguwar tafiya a ƙafa, kuma idan mayo, wato kogi, ya cika da damina ba yaron da ke tsallake shi. Ni kuwa ina son makarantata, ina da ƙawaye, ga shi an fara sa ni a gaba a ƙungiyar waƙa ta yara a coci. Ina son Kaka, amma ban so in koma Betso ba ko kaɗan.

Baba malamin makaranta ne, kuma Allah ya sa masa son furanni. Ya jera tukwanen ƙasa da tsofaffin gwangwanayen fenti a gefen baranda, yana ba su ruwa kafin ya tafi aiki. Kaka ta taɓa tambayarsa, "Wannan ganye naka, ana miya da shi?" Ya ce a'a. Ta ce, "To don me kake wahala?" A kwanakin nan ne aka bar ƙofar gida a buɗe, awakin maƙwabta suka shigo suka cinye kusan rabin furannin. Tukwanen suka zauna babu komai, Baba yana wuce su yana kawar da kai.

Wata yamma na tarar da Kaka ta buɗe 'yar ƙwaryarta a cinya. Iri ne a ciki, an ƙulla kowanne a tsumma: kuɓewa, riɗi, yakuwa, da wasu 'ya'ya masu ƙyalli launin ƙasa. Ta ce na tafasa ne. Na yi mamaki, domin tafasa ba wanda ke shuka ta. Ruwan sama na sauka take rufe bakin hanya da bayan gidaje har mutane su gaji da nome ta. Kaka ta ce wannan ta bayan ɗakinta ce, ganyenta faɗi gare shi kuma ba ta da ɗaci. Ban san inda tunanin ya fito mini ba, na ce, "Kaka, mu shuka a tukwanen Baba mana."

Ta dube ni, sannan ta yi dariya, dariyar farko tun zuwanta. "Tafasa a tukunya, da rani? Za a ce tsohuwa ta haukace." Amma washegari ita ta tashe ni.

Shukarmu ta farko ba ta yi ba. Mun cika gwangwanayen da ƙasar tsakar gida, ni kuma saboda zumuɗi ina kwarara musu ruwa safe da yamma har ƙasar ta zama taɓo. Muka jira, shiru. Da Kaka ta tona sai ta ga wasu sun ruɓe, wasu suna nan da taurinsu kamar tsakuwa. Ta goge hannu ta ce ƙasar gari ma ba ta son baƙi. Ranar na shiga bayan ɗaki na yi kukana.

Ashe Baba yana lura da mu. Ranar Asabar ya fito da ƙusa da guduma, ya zazzage gwangwanayen ya buɗe hujin gindinsu da tsatsa da laka suka toshe. Ya ce tukunya ba gona ba ce, ruwan da ya shiga dole ya sami hanyar fita. Ya aike ni bakin mayo ɗebo yashi, ya ce a haɗa da busasshen kashin shanu. Sannan ya ce a jiƙa irin a ruwa mai ɗumi ya kwana, kamar yadda yake yi wa 'ya'yan marga a lambun makarantarsu, don ɓawon ya yi laushi. Nan suka saɓa. Kaka ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin an dafa iri kafin a shuka ba. Daga ƙarshe aka raba, rabi a jiƙa, rabi a shuka yadda yake. Na Baba suka riga fitowa. Na Kaka suka biyo baya a hankali, ta ce nata ladabi gare su, ba sa gaggawa a gidan mutane.

Kashin shanun a gidan maƙwabciyarmu muka samo, wata tsohuwar Bafillatana da duk unguwa ke kira Dada, wadda awakinta ne suka yi wa Baba ɓarna. Ita tasba take ce wa tafasa. Hausarta da ta Kaka duk ɗaya suke, ba ruwansu da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Da ta ji abin da za mu yi da takin ta riƙe haɓa ta ce wa Kaka, "Mu muna cire shi muna zubarwa, kai kana ba shi ruwa?" Amma tun daga ranar kullum sai ta leƙo ganin yadda suke, ta zauna a tabarma su yi ta hira rabi da baki rabi da hannu. Awakinta sun sake shigowa sau ɗaya, suka shinshina tafasar suka juya. Dada ta ce ko akuya ta san wannan abincin manya ne.

Aiki ya samu. Da safe mu ja tukwanen inda rana ke fara sauka, idan zafi ya tsananta da azahar mu mayar da su inuwar baranda. Ruwan da aka wanke dawa da shi ba a zubarwa kuma, nasu ne, shi ma sai Kaka ta tsoma yatsa ta ji ƙasar ta sha iska. Muka ɗora ƙayoyi a kai saboda kaji. Da suka kai tsayin tafin hannu ta koya mini tsinke kan da farce don su yi rassa, kada su yi saurin fure ganyen ya tsufa. Tukunya ɗaya kawai muka bari ta yi yadda take so, saboda iri. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ganyen ke haɗe fuska biyu-biyu idan rana ta faɗi. Kaka takan nuna mana ta ce, "Sun kwanta, saura ku."

Wata Lahadi matan zumuntar coci suka biyo Mama gida gaishe da Kaka. Tukunyar irin ta yi furanni ruwan ɗorawa, ƙanana, gwanin kyau. Wata daga cikinsu ta sunkuya tana yabawa, ta tambayi Baba ko daga Jos ya kawo wannan fulawa. Baba ya yi gyaran murya ya ce a tambayi mai ita. Kaka ta ce, "Daga bayan ɗakina." Matar ta murza ganye ta kai hanci, sai ta zauna daɓas a kan tabarma tana dariya har da hawaye.

A makon ne muka yi tsinka ta farko. Kaka ta kori Mama daga ɗakin girki, ta dafa ganyen da ɗan kanwa, ta zuba wake da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ta tuƙa tuwon dawa da hannunta. Ɗanyar tafasa a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ko koriyar ciyawa babu a gari. Ta cinye malmalarta ta miƙa kwano a ƙara mata. Na ga Mama da Baba sun dubi juna. Aka aike ni da kwano gidan Dada, kwanon ya dawo cike da kindirmo.

Da hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, ƙanen Baba ya iso da mota kamar yadda aka shirya. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ya gaishe da Kaka ya ce mata, "Mama, kin shirya?" Kaka ba ta ɗaga kai daga tukunyar da take duba ba. Ta ce irin bai bushe ba tukuna, kuma idan ta tafi, wannan, ta nuna Baba da baki, zai kashe mata su da ruwan zafi. Ta ce ya dawo wani lokaci. Ya ci tuwo ya koma shi kaɗai. Kafin damina ta yi nisa Kaka ta kama kusurwar tsakar gida ta shuka kuɓewa da yakuwa, maganar komawa kuma ba ta sake tasowa ba. Tare muka ci gaba da kwana a ɗaki ɗaya har na kusa gama sakandare, lokacin da Allah ya ɗauke ta.

Yanzu ka duba yadda muke yi. Mukan ɗauko tsofaffinmu daga ƙauye mu kawo su gidajen da aka shafe tsakar gidansu da siminti, mu zaunar da su a gaban talabijin, mu ce su huta, muna ganin gata muka yi musu. Mama tana wurina a Yola tun bayan rasuwar Baba, idonta ya yi rauni, hannunta yana rawa. Jiya ta jawo tiren wake za ta tsince, yarana suka taso da sauri za su karɓa. Na ce su bar mata. Ta daɗe a kai, kuma da dare mun ci karo da tsakuwa a cikin abincin. Muka cire ta muka ci gaba da ci.