Haƙoran kifi a ƙarƙashin filo

Jiya na dawo ɗakinmu a unguwar Darrasa, nan ƙasar waje, na tarar da abokin zamana, Malam Sani, yana tofa Falaƙi da Nasi a kan katifata.

Ya ce, "Ɗan'uwa, an yi maka asiri. Haƙora na gani ƙunshe a tsumma ƙarƙashin filonka. Khalas, shi ke nan, mai shara ya tafi da su."

Sai da na zauna. Haƙoran shak ne, wani babban kifin teku, da suka zama dutse tun zamanin da teku ya rufe wurin nan. Wata da watanni ina hawa dutsen Muƙaɗɗam ina tsintarsu.

Na ce, "Malam, tsarabar Babana ce. Masunci ne a Yawuri, idonsa ya tafi. Na faɗa masa akwai kifi a kan dutse, ya ce sai ya shafa da hannunsa."

Malam Sani takalminsa kawai ya jawo.

Yau tun safe yana durƙushe a kan dutsen da farar jallabiyarsa yana tonon ƙasa. Mun samu biyu.

Wallahi na kasa fushi. Ku za ku iya fushi da wanda tsoron kada a cuce ku ya sa shi ɓarna?